Dashen Ƙarshe na Baba Inuwa a Rafin Guza

Da an sallame sallar asuba, Baba Inuwa yakan saɓa fartanya ya gangara bakin kogi, ƙasan Rafin Guza, inda lambunsa yake. Tun gemunsa na baƙi haka yake yi. Bazara ce lokacinsa. Kowa na gudun rana, shi yana durƙushe yana dashen tumatir da tattasai da yalo, yana haƙa ramukan gwanda da gwaiba, don ruwan fari ya tarar sun kama ƙasa.

Bai taɓa goya tankin feshi ba. Takinsa kashin awaki ne da ya ruɓe, maganin ƙwarinsa toka da jiƙon ganyen dogon yaro. Irin ma nasa ne, wanda yake cirewa kowace shekara ya adana a gora. Maƙwabtan lambu sun sha yi masa tsiya: "Baba, tsutsa ta mai da gonarka gidan biki!" Sai ya ce, "Ta ci rabonta, ta bar wa yara nasu."

Atika, mai kayan miya a kasuwar Kawo, ta shaida. Ta ce, "Tumatirinsa ƙanana ne, ba kyan gani, masu saye wucewa suke yi. Amma wadda ta dafa sau ɗaya, da ƙafarta take dawowa."

Bana abin ya zo ƙarshe. Filin na aro ne. Mai shi ya rasu, magada suka sayar wa masu buga bulo, aka ce da saukar damina za a fara juye yashi. Ga iri ya tsiro, ya isa dashe, babu wurin dasawa.

Matarsa Uwani ta ga bai fasa sammako ba, ta ce, "Malam, wa kake yi wa ban-ruwan nan? Bulo?"

Ya ce, "Tsirran nan ba su san an sayar ba, Uwani. Ƙishi kawai suka sani."

Sai ya bi tsiron ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a tsofaffin ledojin ruwa, ya jera a baro, ya shiga gida-gida har Hayin Banki, yana neman mai karɓa kyauta. Kusan ko'ina amsar ɗaya ce: "Ayya Baba, ina ƙasa? Duk mun shafe tsakar gida da siminti." Da la'asar aka gan shi yana turo baron gida, kusan yadda ya fita da shi, ganye ya langaɓe.

Baba Inuwa, kai ne ka ciyar da mu abin da ba mu taɓa tsoron bai wa jinjiri ba. Mun ci, mun raina girmansa, ba mu tambayi sunanka ba sai da aka kafa turaku a lambunka. Mun gode, ko da godiyar ta makara. Allah Ya saka maka da alheri.

Mai ɗan fili a bayan ɗaki, ko tsohon bokiti ne, ya je ya karɓi tsiron, ya tambayi yadda ake jiƙa ganyen dogon yaron. Baron na nan a zauren Baba, yana yayyafa masa ruwa safe da yamma. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas.