Ranar da Mista Harold Ya Daina Gardama

Ban taɓa mantawa da makon ƙarshe na watan Afrilu ba, a shekarata ta farko ina aikin jinya a ƙasar nan. Na yi shekara tara ina nas a Kafanchan, amma lasisina na Amurka wata huɗu ke nan da fitowa. An ɗauke ni a wani gidan jinya a Largo, inda ake kawo tsofaffi bayan tiyata su murmure kafin a sallame su. Shugabar rukunin aikinmu Anti Rifkatu ce, 'yar Jos, wadda ta kwana biyu a nan.

Ga waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba, tsoho idan an yi masa tiyata, abin da muka fi tsoro shi ne ruɗewar hankali. Sau da yawa ita ce alamar farko cewa cuta ta shiga jini. Shi ya sa kowace safiya muke tambayar majinyaci sunansa, da inda yake, da wace rana ce. In magana ta kauce, a rubuta a fayil, a kira likita.

A ɗaki na ƙarshe akwai dattawa biyu. Mista Harold tsohon direban bas ne da aka yi wa aiki a ƙugu, Mista Dennis kuma ya yi ritaya daga gidan waya, an yi masa aiki a gwiwa. Ranar Litinin na shiga da magani na tarar Mista Harold yana dukan katifa.

"Yaron nan tafin hannunsa ƙarami ne! In muka ɗauke shi mun shiga uku!"

Mista Dennis ya ce, "Kai hannu kake aunawa? Ka ga jifarsa kuwa?"

Na ce, "Mista Harold, wane yaro? Jikanka ne?"

"Ban taɓa ganinsa ido da ido ba."

"To wa zai ɗauke shi?"

"Mu mana!"

Na tambaye shi wace rana ce yau, ya ce saura kwana uku. Kalma ɗaya suke ta maimaitawa, wai diraf, ni kuwa abin da na sani da ita shi ne kwasar samari zuwa soja. Na ce lallai tunanin bayin Allah nan ya koma zamanin yaƙi. Na rubuta cewa dukansu biyu sun ruɗe, na buga wa likita.

Anti Rifkatu ta karanta, ta yi dariya har da dafa tebur. Ta ce kowane ƙarshen Afrilu manyan kulob na ƙwallon Amurka kan zaɓi samari daga jami'o'i, bi da bi, kulob ɗin da ya fi shan kashi shi ke fara zaɓa.

Na ce, "Anti, su tsofaffin nan ne ke zaɓen?"

"A'a."

"Ana neman shawararsu?"

"Ko kusa."

"To faɗan me suke yi?"

Ta ce, "Ladi, masu gardamar ƙwallo a teburin mai shayi, kin taɓa jin koci ya kira su?"

Da bakina na sake buga wa likita na ce kuskure na yi. Ina cikin lokacin gwaji ne, ba a tabbatar da ni ba tukuna, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Talata da Laraba sai suka mai da ni alƙali. Kulob ɗaya suke goyon baya, amma kowa da yaron da yake so a ɗauka, kowa da takardarsa cike da sunaye da tsayi da nauyi. Wannan ya nuna mini bidiyo a waya, wancan ya nuna mini nasa, ni kuwa ban ga komai ba sai ƙarti masu hular kwano suna zubewa kan juna. Na ƙudurta a raina ba zan ƙara sauraron zancensu ba.

Ranar Alhamis, ranar da za a fara zaɓen, wajen ƙarfe biyu na rana Mista Dennis ya danna ƙararrawa.

"Nas, duba mutumin nan. Ba lafiya yake ba."

Mista Harold na kwance shiru yana murmushi. Na ce me ya yi?

"Ya yarda da ni. Na ce yarona ya kamata a ɗauka, ya ce haka ne. Wai kuma a haɗa da wani ɗan wasa da ya yi ritaya tun ina da suma a kaina."

Na yi wa Mista Harold tambayoyin nan uku, ya amsa su daidai. Na tsaya riƙe da fayil na rasa abin yi. Ban san ɗan wasan da ya ambata ba, balle in san ko ya yi ritaya. Ban sani ba ko tsokana ce irin tasu. In na sake tayar da likita a kan zancen ƙwallo, me zan ce wa Anti? Har na juya zan fita, Mista Dennis ya ce, "Don Allah, 'yata, kwana goma muke faɗan nan da shi."

Na dawo na ce, "Mista Harold, ina batun hannun yaron nan?"

Ya dube ni ya ce, "Wane yaro?"

Na auna shi. Ɗan zazzaɓi ne kaɗan, amma bugun zuciya ya hau, jini ya sauka, numfashi na sauri. Na ruga wajen Anti Rifkatu na fara da cewa, "Anti, ki yi haƙuri, zancen ƙwallon nan ne kuma." Ta karanta awon, ba ta yi dariya ba. Cikin rabin awa motar asibiti ta tafi da shi. Cutar mafitsara ce ta fara shiga jini, likita ya ce da an bari sai awon yamma da labari ya sha bamban.

Bayan kwana shida aka dawo da shi. Ashe kulob ɗinsu bai ɗauki ko ɗaya cikin yaran biyu ba, wani ƙato ya ɗauka da ba wanda ya taɓa ambata. Tun ana gyara masa filo suka fara sabuwar gardama a kansa.

Har yau ban gane wasan nan ba, kuma na haƙura. Amma ku da kuke shigowa aikin yanzu, ku sani na kuskure sau ɗaya, na kusa kuskurewa na biyu, duk don ban san yadda majinyacina yake ba in yana cikin hayyacinsa. Ku saurari surutunsu ko ba ku gane ba. In kuma na gadon kusa ya ce ku duba mutum, ku ajiye abin da ke hannunku ku je ku duba.