Jan Zare a Koren Yadi

Shekara talatin da ɗaya Hulda Abednego ta yi tana ɗinki a Kafanchan, a wani shago mai taga ɗaya bayan layin dogo. Rabin matan zumunta na unguwar a wurinta suke ɗinka kayan coci. Mace ce mai bin doka. Idan fasto ya ce ƙarfe takwas, bakwai da rabi tana kan benci.

Tari ya kama ta a daminar da mijinta ya rasu. A asibiti aka duba majinarta aka ce tibi ne, wato tarin fuka, aka ɗora ta a kan magani na wata shida da gargaɗi guda: kada ta tsallake ko kwana ɗaya, komai ta ji a jikinta. Ba ta tsallake ba. Har nas tana kafa misali da ita ga maza masu gudun magani. Wata shida ya cika, tarin ma bai tsallake kwana ɗaya ba.

Aka aika majinar babban ɗakin gwaji, aka jira kusan wata biyu. Likita ya ce ba tibi ba ne, wata 'yar uwarsa ce mai zama a ƙasa da ruwa, kuma ba kasafai mutum ke shafa wa mutum ba. Hulda ta tuna yadda ta ware kofinta, ta hana jikokinta shiga ɗakinta. Sabon maganin ƙwaya iri uku ne, za ta yi ta sha har majina ta yi tsabta, sannan ta ƙara shekara guda. Ya kuma ce ɗaya daga ciki takan taɓa ido, in ta ga wani canji ta dawo. Tana bakin ƙofa ya faɗa, mutum arba'in suna layi a bayanta. Dokar farko ta kada a tsallake magani ce ta zauna mata a ka.

A wata na biyar da fara sabon maganin, kafar allura ta fara ɓace mata. Ta ce tsufa ne, ta sayi tabarau a kasuwa. Daga nan ja da kore suka zama abu ɗaya a idonta. Tana ɗinka koren yadi da jan zare, layi a miƙe kamar kullum. Matan suna karɓa, su yi godiya, su je gida su warware. Shugabarsu Beatrice ce ta shirya haka: gwauruwa ce, ga ciwo, kada a kunyata ta. Wata uku suka yi suna wannan alheri.

Wata mata daga Zonkwa, wadda ba ta san da shirin ba, ita ce ta dawo da rigarta tana faɗa, wai ko makaho ya fi haka. Hulda ta ɗauki zaren ta kai bakin taga, ta daɗe tana dubawa.

"'Yata, wannan ba kore ba ne?"

Matar ta nemi kujera ta zauna.

A ranar likita ya dakatar da ƙwayar, ya sauya ta da wata. Ya ce wani lokaci gani yakan dawo, musamman in an zo da wuri. Ya tambaye ta yaushe abin ya fara. Da ta faɗa masa, sai ya sunkuyar da kai yana rubutu.

Tarin ya tafi bayan wata ashirin. Ganin ya dawo rabi: tana gane fuska, tana kai kanta coci, amma ba ta iya bin layin ɗinki. Ta lulluɓe keken ɗinkin da tsohon zani.

Beatrice ta zo da doya da man ja, ta durƙusa a tsakar gida.

"Mama, mun yi ne don kada ki ji kunya."

"Ban ji kunyar ba," in ji Hulda. Ta lalubi kujera ta tura mata, ta tambayi lafiyar yara.