Mahaucin da Muka Sa a Majigi

Maliki ya zo Kaduna daga wani ƙauyen Zazzau bayan yaƙin duniya, da wuƙaƙe biyu da matarsa Turai. Fawa ya gada. Ya kafa teburinsa a unguwar Abakpa, daura da gidan da nake haya, shi ya sa na san shi ciki da bai.

Ban taɓa ganin mahauci mai tsabtarsa ba. Sau uku yake wanke tebur a rana, da ruwan zafi da toka. Ya sa kafinta ya yi masa akwati mai ragar waya, nama na ciki, ƙuda na waje yana kallo. Abokan sana'arsa suna yi masa ba'a, suna kiransa Likita, shi kuma ya rama da kwaikwayon yadda suke goge hanci da hannu su damƙi tsoka. Mutum ne mai ban dariya, kuma yana ji da kansa. Matan ma'aikata ba sa sayen nama sai nasa.

Ni sunana Ja'afaru. Aikina a lokacin shi ne bayanin majigi. Mukan shiga gari da mota, mu kafa farin ƙyalle a fili, a haska hoto. Hoton ba ya magana, ni ke riƙe lasifika ina gaya wa jama'a abin da suke gani. Ana biyana don in faɗi abin da ke rubuce a takarda, amma ni abin da nake so shi ne in ji fili ya ɗauki dariya. Bakina ya fi ƙarfina tun ina ƙarami.

A 1954 Baturen ofishinmu ya so a yi majigi kan cutar da ƙuda ke kawowa. Yana neman mahauta biyu, mai tsabta da ƙazami. Ni na kai shi wurin Maliki, ina ganin alheri na yi wa maƙwabci. Baturen ya ga akwatin ragar nan ya yi ta gyaɗa kai, ya ce Maliki ya zaɓi wanda yake so ya fito.

Maliki ya ce, "Malam Ja'afaru, shi mai tsabtar me yake yi?"

Na ce, "Tsayawa yake yi yana murmushi."

"Shi ke nan? To a ba ni ƙazamin. Na san su sarai. Bari in nuna wa duniya halinsu, su ji kunya."

Turai ta ji daga bayan zana. Ta ce, "Malam, fuskarka fa za a gani, ba tasu ba." Ya yi dariya ya ce wasa ne, kowa ya san wasa.

Sai aka ɗauko wani masinjan ofishinmu, wanda bai taɓa riƙe wuƙar fawa ba, aka sa masa farar riga, aka tsayar da shi bayan akwatin Maliki. Shi kuma Maliki aka ba shi tsumma da wani ruɓaɓɓen tebur. Da hannuna na shafa wa naman zuma don ƙuda ya taru. Ya yi wasa kuwa kamar ba gobe: ya soshe hammata, ya yi atishawa kan nama, ya kori kare da cinyar akuya. A labarin, wata mata ta sayi namansa, 'yarta ta ci ta mutu. Sunan ƙazamin a takarda Sabo.

Aka fara nunawa a filin Abakpa bayan magariba. Fuskarsa na fitowa wani ya yi ihu, "Kai, Maliki ne!" Fili ya kece da dariya. Takardar na hannuna, ina ganin Sabo a rubuce. Amma dariyar ta yi mini daɗi, sai na buɗe baki na ce, "Ga Maliki nan, sarkin ƙudajen Abakpa!" Na maimaita sunan har sau biyar. Shi ma yana gefe yana dariya, yana ɗaga hannu.

Da aka zo inda uwar ke kuka kan gawar 'yarta, dariya ta ɗauke. Na ga kawuna suna juyawa wajensa. Ya tashi ya fita, bai tsaya ganin ƙarshe ba.

Washegari wata tsohuwa ta tsaya gaban teburinsa ta tofar da yawu, ta ce Allah ya isa wa yarinyar. Yarinyar kuwa tana nan da ranta, 'yar direbanmu ce, kullum tana wucewa makaranta. Ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Amsa ɗaya yake samu: "Mun gani da idonmu. Hoto ai ba ya ƙarya." Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu ilimi, waɗanda suka san wasa ne. Za su zo, su gaisa, su yaba masa iya kwaikwayo, su dubi naman, sai hannu ya ƙi shiga aljihu. Har ofishinmu mutane suka riƙa zuwa suna tambayar inda rumfar mahaucin nan mai farar riga take.

Maliki bai zauna ba. Ya ƙara wanke tebur, ya ɗinka farar riga, ya aske gemu. Ya kwashe kayansa ya gwada unguwar Kinkinau, ya tarar majigi ya riga shi zuwa. Ya roƙe ni in gyara magana a lasifika. Na gyara sau biyu, ba wanda ya saurara, domin ba abin dariya a ciki. Sauran masu bayani kuwa sun riga sun ɗauki sunan daga bakina, sun kai shi garuruwan da Maliki bai taɓa takawa ba.

Nama ba ya jiran mai saye. Na safe ya kai la'asar, na la'asar ya kwana. Raga tana tare ƙuda, amma ba ta tare wari. A 1957 duba-gari ya zo ya kwashe naman a gaban jama'a, ya zuba masa kananzir. Gaskiyar duba-gari ce, naman ya lalace. Ranar na ji wani yana cewa, "Ashe majigi tun da wuri ya gano shi." Na ji, na wuce.

Daga nan ya koma dakon fatu a kwata. Turai ta kama suyar ƙosai a wata unguwa inda ba a san matar wane ne ba. Ni kuma na sauya hanyar zuwa aiki.

Sai a 1959, da na ji yana kwance, na shiga gaishe shi. Ya rame, akwatin ragar yana gefe an cika shi da kwanuka. Na ce, "Sai haƙuri, Maliki. Haka Allah ya ƙaddara."

Ya dube ni ya ce, "Na yarda da ƙaddara. Ni na zaɓi ƙazamin, Turai ta hana ni na ƙi ji, wannan nawa ne. Amma takardar da ke hannunka ran nan, wane suna aka rubuta?"

Na ce, "Sabo."

Ya juya ya dubi akwatin ragar. Can ya ce, "Ban ga ƙarshen ba. Yaya aka yi da ni?"

Na gaya masa gaskiya. A ƙarshe ƙazamin yana tuba, ya wanke teburinsa, ya sayi akwatin raga, mutane su dawo suna layi.

Ya yi wata dariya da ta zame masa tari. Ya ce, "Shi ya samu abin wankewa. Ni teburina a wanke yake tun kafin ku zo. To me zan wanke su dawo?"

Na tashi na yi masa sallama. Ya rasu a daminar shekarar. Wata biyu bayan haka aka sake tura ni Abakpa da majigin nan. Da fuskarsa ta fito na riƙe takarda da kyau, na ce, "Wannan sunansa Sabo." Jama'a suka gyara mini da murya ɗaya. Suka ce Maliki ne.