Yadda Na Kai Kayode Kasuwar Shinkafi

An daɗe da yin wannan tafiya, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, don haka mai yiwuwa in sa maganar wani a bakin wani. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne, shekarar da aka soma aiki da Shari'a a Zamfara ce, ina sabon malami a wata sakandaren maza a Ƙauran Namoda. A Zariya na tashi, ban san ƙasar ba sosai.

Darasin zaman tare nake koyarwa. Da na gaji da sa yara haddar haƙƙin ɗan ƙasa daga allo, sai na ba su aiki: mu shiga kasuwanni su tambayi masu kaya, kai wane ne, daga ina, wurin wa kake saye, wa kake sayar wa. In mun dawo su zana sabuwar jiharmu da mutanenta a bangon aji.

Cikin 'yan kaɗan da na zaɓa akwai Kayode, Bayarabe Kirista haifaffen Ƙaura, wanda babansa ke gyaran injin niƙa kusa da tashar jirgi. Lokacin labaran rigima na ta zuwa daga wasu garuruwa, baƙi da yawa sun ɗaure kaya. Babansa ya yanke shawarar tura shi Kudu, ga shi kuwa jarrabawar fita ta matso, in ya tafi ya yi asarar shekara. Na je shago na roƙe shi ya bar yaron ya bi mu tafiyar, ya kuma zauna har jarrabawa. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Malam, tafi da shi. Amma in ya dawo ya ce mini wani ya yi masa kallon banza, motar farko zai bi. Kada ka zo mini da roƙo."

Laraba: Ƙaura zuwa Zurmi

Mun tashi bayan sallar asuba a tsohuwar bas ɗin wani direba mai suna Garba. Na sa Kayode can baya, a tsakiyar yara, inda ba a hango shi ta taga. Bayan shingen 'yan sanda sai muka tarar da 'yan agaji masu duba ko an cakuɗa maza da mata a mota. Ɗaya ya leƙo, ni kuwa na soma zayyano masa bayanin da bai tambaya ba. Garba ya ce, "Bar shi, malamin boko na. Duk gardawa na, ba mace ko guda, shi ya sa motag ga ka wari." Suka yi dariya suka ɗaga mana hannu.

Kafin hantsi mun isa Zurmi. Yaran sun yi hira da wani maƙeri, da wani Ibo mai kantin magani wanda ya ce in zai je gida Kirsimeti makwabcinsa mai sayar da goro yake bar wa mabuɗi. Da azahar Kayode ya zauna a inuwar ƙofar masallaci yana tsaron jakunkunanmu. Allah ya yafe mini, rabin hankalina na waje har aka sallame. Na fito na same shi yana cin gyaɗa da wani almajirin tela. Wani hedimasta ya ba mu aji muka kwana, matarsa ta aiko da tuwon dawa da miyar kuka.

Alhamis: Shinkafi

Mun karya da koko da ƙosai a Dauran, muka miƙa. Hanyar ba ta da kyau, kuma ranar kasuwa ce, motocin dabbobi sun cika ta. Hashimu, ɗalibina Bafulatani ɗan Jangeru, shi ya shige gaba don ya san kasuwar. Ban taɓa ganin irinta ba: Buzaye da kanwa, raƙuma, masu canjin sefa, mutanen Kudu suna lodin shanu. Na ce wa Kayode ya bar sauran su yi tambaya, shi ya riƙa rubutawa kawai. Ya ce to, amma ban ga alamar ya ji daɗi ba.

A layin 'yan albasa muka tsaya wurin wani dattijo mai tsagar Gobirawa har kunne. Ya amsa tambayoyin yaran, sa'an nan ya ce shi ma zai yi tasa. Ya bi su ɗaya ɗaya, kai wane ne, ɗan wa? Da ya zo kan na ƙarshe, kafin in tare, yaron ya ce, "Kayode."

Dattijon ya yi wuf ya cafke wuyan hannunsa, ya miƙe yana ihu. "Gobirawa! Ku taho! Ga bawana da yag gudu, Allah ya maido min shi!"

Nan da nan mutane suka kewaye mu. Wani ya ce a kawo igiya. Wani ya ce a kai shi kara a sa mai kuɗi tare da tumaki. Na tuna fuskar babansa. Na durƙusa na ce, "Baba, don girman Allah, amana ce aka ba ni. Ɗalibi ne. In ya yi laifi ni za a kama."

Sai na ji muryar Kayode a sama da kaina, da Zamfarcin da ni ban iya ba.

"Tsoho, ashe nan kaɓ ɓoye? Tun bara nika nemanka. Na aike ka ka saida min albasa, ina kuɗina? Dubi yadda kar rame, ba ka cin abincin da nika ba ka?"

Kasuwa ta ɗauki shewa. Dattijon ya dafe ƙirji. "Kun ji ɗan nema! Bawa ka zagin ubangidanai gaban jama'a!"

"Sake min hannu, kada ka shafa min warin albasa."

Hashimu ya sunkuyo ya raɗa mini, "Malam, tashi, wasa na. Gobirawa da Yarabawa taubasai na, duk inda sunka haɗu haka suka yi." Na san wasan Fulani da Barebari, amma wannan ban taɓa jin sa ba. Na miƙe ina kakkaɓe wando. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka karantar da su zaman tare?" Na ce e. Ya ce, "Madalla. Allah shi taimaki yaran."

Ya zaunar da Kayode kan buhu, ya sayo masa tsire, ya ce ba ya barin bawansa da yunwa. Da za mu tafi ya cika wani ƙaramin buhu da albasa. "Ka kai ma ubanka. Ka ce ubangidanai yab ba shi sadaka." Daga nan ban ƙara hana yaron tambaya ba. Mun kwana a Jangeru gidan su Hashimu, aka cika mu da fura da nono.

Juma'a: Gida

Mun shigo Ƙaura kafin a tafi masallaci. Na ce Garba ya sauke mu a shagon gyaran inji. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗi labarin, don ban san yadda uba zai ɗauki kalmar bawa a irin wannan lokaci ba. Kayode bai jira ni ba, ya dire buhun ya isar da saƙo yadda aka ba shi.

Baban ya ajiye sifana. Ni kuwa na soma ba da haƙuri.

"Bagobiri?" ya ce. "Bagobiri ne zai aiko mini da sadaka? Ka rama?"

"Na rama, Baba."

"Ba ka iya ba. Ni zan je da kaina. Malam, kasuwar nan Alhamis take ci?" Ya buɗe buhun ya ɗaga albasa guda yana juyawa. "Duba, ƙanana ya zaɓo. Haka suke."

Ban ce albasa ce ta hana baban tura shi Kudu ba, wataƙila da ma zuciyarsa ba ta son tafiyar. Abin da na gani shi ne, ranar Litinin Kayode na aji yana gardama da Hashimu kan inda za a zana Gobirawa a bango, kuma a Ƙaura ya rubuta jarrabawarsa.

Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, da Garba, da duk waɗanda suka ciyar da mu. Yaran yanzu magidanta ne. Duk wanda ya ga na kauce, ya aiko a gyara. Hashimu dai ya riga ya aiko da nasa: wai ba durƙusawa kawai na yi ba, har kuka na yi. Ni ban tuna da haka ba, amma ban isa in rantse ba.