Furen da Na Tuge Sau Uku

Shekaru da yawa ana raɗe-raɗi a layinmu, wai mai lambun nan na bakin titi, duk gidan da aka yi rasuwa sai ya je ya dasa musu fure a ƙofar gida, bai gaya wa kowa ba. Tela ya faɗa min, mai gyaran keke ma ya faɗa. Na ce zancen masu zaman banza ne.

Ranar Laraba, tara ga wata, aka aiko cewa ka rasu, mai lambu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kowa ya san kirkinka. Matan layin nan ba su taɓa sayen irin shuka ba, kai kake raba musu. Ni kuwa abin da zan faɗa kunya ce.

Bayan rasuwar uwar 'ya'yana, wani fure ya fito a gindin katangata, rawaya, mai baƙin ɗigo a tsakiya. Da sanyi ya shigo sai ya bushe ƙurmus. Na ɗauko fartanya na tuge shi. Shekara ta zagayo ya dawo, na sake tugewa. A ta uku har ruwan zafi na kwara masa, sannan na taka zuwa lambunka ina kai ƙara.

"Wata ciyawa ce ta addabe ni, mai taurin kai kamar surukina."

Ka yi dariya, ka ce, "Baba, irin wannan ba mutuwa yake yi ba. Sama ce ke bushewa, saiwar tana nan da ranta. Ka bar shi mana."

Na ce ba kai za ka koya min shara ba.

Ashe ba da kansa yake dawowa ba. Kai ne kake raba tushen naka, ka zo ka sake dasawa. Ashe kuma marigayiyar ce, tana kwance a asibiti, ta roƙe ka, wai kada ƙofata ta zauna fayau bayanta.

Yanzu wa zan ba haƙuri?

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka juriya. Ni ma Ya yafe min.

Zancen nan da na ƙaryata, wadda ta faɗa min shi a ƙarshe mai ɗakinka ce, jiya a wurin gaisuwa. Ta miƙo min tukunya da ɗan busasshen kara a ciki, ta ce, "Na huɗun ne, Baba. Bai samu ya kawo ba."