Wutar da Kaka ta Hura a Bakin Ruwa

Saura mako biyu a yi bikin marubuta na farko a Yelwa, har an manna fastoci a tasha da bakin kasuwar kifi. Hotuna uku ne a jiki: wani malamin makaranta daga Shanga mai rubuta waƙoƙi, wata marubuciya da za ta zo daga Birnin Kebbi, sai ni, da mayafin da na aro don ɗaukar hoton. An ce kowa ya karanta wani yanki daga littafinsa a gaban jama'a. Da can burina ke nan. Yanzu kuwa idan ɗan acaba ya bi da ni ta wajen, kau da kai nake yi.

A ƙauyenmu na ƙasar Ngaski, a bakin tafki, ba a hura wuta don tatsuniya. Wutar banda ce. Bayan magariba Kaka, mahaifiyar Baba, za ta jera tarwaɗa a kan waya, mu jikoki mu zagaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye. Wanda bai juya kifi ba ba ya jin labari, wannan doka ce. Sunanta aka sa mini, shi ya sa a gida ake kira na Ummi, ita kuma ta ce mini takwara. Ni ce mai zama a gefen ƙafarta, ni ce kuma mai gardama.

Akwai labarin da ba ta cika bayarwa ba, sai an nace. Wai ruwa ya taso ya cinye wani gari, mutane suka koma tudu. Babu abin da ya rage a waje sai kan wani rimi, kuma a gindin rimin aka binne mahaifin wani saurayi masunci. Duk Juma'a sai ya tuƙa kwalekwalensa zuwa kan rimin, ya kama reshe, ya yi wa uban addu'a. Kogi ya sani, bai san tafki ba, ga kututture ko'ina a ƙarƙashi. Wata Juma'a iska ta taso, bai dawo ba. Amaryarsa ta hura wuta a bakin ruwa don ya ga hanya. Aka kwana, aka wuni, damina ta wuce, wutar ba ta mutu ba. Da mata suka ga itace na ƙonewa a banza sai suka riƙa kawo kifinsu ta kyafe musu. Wai daga nan aka fara banda.

"Shi ke nan?" in ce. "Kaka, ai bai ƙare ba. Ki dawo da shi."

"Ke takwara, ni ka ba da labari ko ke? Juya wancan, zai ƙone."

"To ko a mafarki ya zo mata."

"Mai banda ba ta da lokacin mafarki," in ji ta, tana tura itace da ƙafa.

Da na shiga sakandare na faɗa kogin littattafan soyayya na haya, irin waɗanda ake boyewa a cikin littafin lissafi. A can babu masoyin da ke ɓata har abada. Ko hatsari ya yi, zai farka a asibiti ya tuna sunanta. Don haka da na zo rubuta nawa, labarin Kaka na ɗauka na gyara yadda zuciyata ta so tun ina ƙarama. Wasu fatake suka tsamo shi, ya yi shekaru a birni, ya yi arziki, ya dawo da yamma a mota, cikin farar shadda da ƙamshin turare, ya same ta a bakin wutar. Na rubuta shafin ina kuka. 'Yan mata sun so shi ƙwarai, shi ne kuma aka ce in karanta a bikin.

Makon jiya Baba ya zo Yelwa sayen ragar kamun kifi, ya ga fastar, ya biyo gidana. Ya ce ƙanwata ta ba shi labarin littafin.

"Ummi, kin san kafin kakanki, takwararki ta yi wani aure?"

Ban sani ba. Ya ce watansu kaɗan da aure aka tashe su daga gungunsu, wani tsibiri a tsakiyar kogi, ruwan dam ya rufe shi. Rimin yana nan har lokacin ƙuruciyar Baba. Ba a ga ko filafilin kwalekwalen mutumin ba.

"Kuma ta ce sai an kawo ta bikin. Ta sa an wanke mata zane."

Daren nan abinci bai shiga ba. Shekara da shekaru tana zaune gabanmu tana ba mu labarin mijinta, ni ina ja mata zane wai ƙarshen bai yi daɗi ba. Yanzu kuma na sa masa turare, zan tsaya da lasifika in dawo da shi a gaban mutanen gari, tana zaune a kujerar gaba.

Ranar Asabar na tafi ƙauye da niyyar in ce mata na fasa, wani shafin zan karanta. Na same ta da la'asar a bakin banda. Ba ta iya aikin yanzu, amma ba ta yarda a hura wutar in ba ta kusa. Na durƙusa na gaishe ta, na fara kame-kame.

"An ce kin maido shi," ta katse ni.

"Kaka, ban sani ba ne. Wallahi da na sani..."

"Karanta mini wurin."

Na karanta. Ta rufe ido har na kai inda ya sauko daga mota.

"Mi? Mota?" Ta yi dariya har da tari. "Wanga mutum ko keke bai iya ba. Kuma hwarar riga, shi da ka kwana cikin kifi? Shuɗiya gare shi, guda, da ƙonar taba nan ga aljihu." Ta juyo gare ni. "Amma ya ce mata mi da ya iso?"

"Ya ce tun daga nesa ya hango wutar."

Ta daɗe tana kallon garwashin.

"Sake karanta wannan."

Ina yarinya na ɗauka darasin labarin haƙuri ne, irin wanda tsofaffi ke ɗora wa yara. Yanzu ina ganin ita ba darasi take koyarwa ba. Wuri ta samu da za ta ambaci mutumin a gidan wani mijin, a gaban jikokin wani, ba tare da kowa ya ce mata komai ba. Har yanzu nauyin bai sauka daga ƙirjina ba, don ban tambaye ta ba na ɗauki labarinta, kuma abin da aka buga ya bugu. Amma zan karanta shafin. Na sa biro na soke motar a kwafina, na soke shaddar. Ranar bikin, a kwalekwale zai iso, da shuɗiyar riga mai ƙonar taba a aljihu, don mutum ɗaya a wurin ta gane shi.