Burtalin da ke Cikin Ƙirjina

Ko hankalina zai gushe, ranar da na sa hannu a yanke mini nono ba za ta fita daga raina ba.

Wata biyar ina ɗauke da ƙullutu a nonon hagu. Da asibitin Sakkwato suka ce ciwon daji ne, sai aiki, yayan maigidana ya taso takanas daga Shagari zuwa gidanmu a Bodinga.

"Wanga ciwo ba ya son ƙarhe," in ji shi. "Da wuƙa ta taɓa shi, watsewa zai yi. A bar shi kwance."

Maigida ya sunkuyar da kai. Ni kuwa da na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da jika, tambaya ta daina ba ni kunya. Na koma Sakkwato na tsare likitar, wata 'yar siririya, na ce ta faɗa mini gaskiya, wuƙa ce ke tayar da shi?

Ta zana ƙwayar ciwon a takarda. Ta ce kowace ƙwaya tana da wasu siraran zaruruwa a cikinta, su ke riƙe da ita kamar yadda itace ke riƙe bukka. Ta daji kuwa kwance na baya take yi, ta kafa sababbi a gaba, ta miƙa, ta kama nama, ta ja jikinta. Kuma jijiyoyin naman take bi, har ta kai hammata.

Na ce, "Ashe ƙaurar makiyaya take yi. Ta kwance nan, ta kafa can, ta bi burtali."

Ta yi dariya. "Inna, kin fi ni iya bayani. Ba ta jiran wuƙa, lokaci take so."

Ranar aikin yayan ya biyo mu, ya hana ƙaninsa dangwala yatsa a takarda. Na ce, "Yaya, da girmanka, abin da ka ce a bari kwance tahiya yake yi. Jikin wa zai ci, naka ko nawa?"

Na karɓi biro. Na rubuta, baƙaƙen suka karkace kamar kunyar sabon manomi, amma sunana ne.

An cire nonon, na sha wuyar magani, gashina ya zube ya sake tsirowa. Bana da hannuna na dasa albasa a fadama. Yayan har yau gaisuwarmu sama-sama ce, ban kuwa rame ba.

Abin da na koya, duk wanda ya ce ki bar ciwo ya kwanta, tambaye shi ko ya taɓa ganin inda yake kwana.